Tarwaɗar da na aika wa Kafinta

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni mahauci ne a Abatuwa, nan cikin Jos, kuma abu biyu ne suka yi mini suna a wurin, kafaɗa da baki. Kafaɗar kan ɗauki cinyar sa daga mayanka har teburina ban tsaya na sha iska ba. Bakin kuwa bai bar kowa ba. Duk wanda na gani ya zauna hutawa kafin azahar sai in sa masa suna amarya, wanda ya ce bayansa na ciwo in tambaye shi cikin wata nawa ne. Boko aji uku na yi na gudu, ranar da malami ya ce a zana jaki ni kuma na zana shi har da hularsa. Don haka, edita, in ka ga rubutun nan ya yi kama da inda kaji suka yi tono, ka gyara mini haruffan, amma ka bar maganar yadda take.

Ina da aboki guda da ba zan faɗi sunansa ba, Kafinta nake ce masa, don sana'arsa ke nan. Ibo ne, amma a Jos aka binne cibiyarsa, mahaifinsa ya zo tun zamanin haƙar kuza. Mun haɗu muna samari, ranar da ya kawo mini teburin fawa na farko. Na ce masa ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ya dube ni sama da ƙasa ya ce teburin lafiyarsa lau, kaina ne a karkace. Tun daga nan muka ƙulla. Shi yana kirana Sarkin Fawa, alhali ko sarkin tsintsiyar share kwata ba a taɓa naɗa ni ba. Gidansa na Anguwan Rukuba, nawa na kusa da Abatuwa, abin da kuma ya riƙe mu duk shekarun nan shi ne fatsa. Kowace Lahadi, in ya fito daga coci ni kuma na idar da azahar, sai mu haɗu a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, can bayan duwatsu a wajen gari.

Ban san yadda zan kwatanta muku wurin ba. Sai ka gangara wani tudu mai jar ƙasa, ka ratsa itatuwan turare, sannan ruwan ya bayyana gabanka, kore shar, a kwance kamar bai taɓa motsi ba, babu kuma wanda ya san zurfinsa. Gajimare kan zo ya kwanta a kansa, sai ka ga sama biyu, ɗaya bisa kanka ɗaya ƙarƙashin ƙafarka. Akwai wani falalen dutse da rana ke ɗumamawa, nan muke zama, kowa da gorarsa, da zare da ƙugiya da ɗan totuwar kara da ke yawo a saman ruwa. Muna da doka: babu mai magana sai kifin farko ya ci. Kafinta ne ya kafa ta, kuma saboda ni ya kafa ta, ya ce surutuna na korar kifi har na ramin da ke makwabtaka. Wanda aka kayar a kamu shi ke ɗauko bokitai biyun ya hau tudu da su. In la'asar ta yi sai ya riƙe mini gorata in yi salla a kan dutsen, amma duk kifin da ya ci ƙugiyata a lokacin nasa ne, wai ladan gadi.

Akwai kuma wata al'ada da ba mu taɓa zama mun tsara ta ba. A shekarun da gari kan rikice, hanya ta tsinke tsakanin unguwarsa da tawa, ba ko yaushe muke iya haɗuwa ba. Wanda ya samu ya isa ramin bai tarar da ɗan'uwansa ba, sai ya ɗora ɗan dutse a gefen falalen, ma'ana na zo, ina raye, ina nan kan bakana. Ranar da muka haɗu sai mu watsa duwatsun cikin ruwa mu ci gaba da fatsarmu. Ko da waya ta zo hannun kowa ba mu daina ba.

Zazzaɓi ne ya fara kawo mini ziyara a wata damina. Na sha magani ya tafi, amma ya tafi da wani abu nawa bai dawo da shi ba. Gajiyar da na sani ita ce ta aiki, wadda ake wankewa da ruwan zafi a kwanta a tashi garau. Wannan daban ce. Sai in yi barci in tashi kamar wanda ya kwana turin mota. Ƙafafuna kamar an ɗura musu jiƙaƙƙen yashi, kaina kamar an naɗe shi da auduga, a yi mini magana in ji ta kamar daga ƙasan ruwa. Abin da ya fi ruɗa ni, in na dage na yi aiki sosai yau, ba yau zan gane kurena ba, sai gobe ko jibi in wayi gari ko buta ta yi mini nauyi. Na je asibiti an ɗebi jini, an auna suga, an auna hawan jini, aka ce ba a ga komai ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce tsufa ne kawai ya iso bai yi sallama ba. Daga baya wata likita ta zaunar da ni ta ce akwai irin wannan gajiya mai naci da kan biyo bayan ciwo, ba ta da allura, kuma wanda ya yi mata taurin kai ita ke cin sa. Ta ce in ɗauka ƙarfina ɗan kaɗan ne a kowace rana, in riƙa kasa shi, abin da ya fi muhimmanci in ba shi kaso, sauran in bari. Na ce mata kasawa ai sana'ata ce, ina kasa nama tun ba a haife ta ba. Ta yi dariya, na yi dariya, na fito na watsar da maganar a bakin ƙofa.

Ku gane, mutumin da ya shekara da shekaru yana kiran mutane amarya ba zai tashi rana ɗaya ya ce ya gaji ba. A Abatuwa sai na miƙa wa ƙanena teburi, na samu benci na harɗe, na ce yanzu na zama oga, nuni kawai nake yi da baki. Wannan dabarar ta ɗan yi aiki. Mai ɗakina kaɗai ta san yadda nake dawowa gida in zube ko takalmi ban cire ba. Amma ramin kuza ba ya karɓar dabara, domin akwai tudu. Wata Lahadi na cije na je, aka kayar da ni, na ɗauko bokitai biyu na hau tudun nan ina waƙa ina tsokanar Kafinta, don kada ya ji yadda numfashina ke fita. Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Na daɗe kwance, har Juma'a ta wuce ni a kan tabarma.

Daga nan na shiga ƙirƙirar uzuri. Yau na tafi sayen shanu kasuwar ƙauye, mako mai zuwa suna, na gaba ta'aziyya. Na kashe dangin da suke raye, na aurar da 'ya'yan da ban haifa ba. Kafinta yana ta yi mini gaisuwa da murna ta waya, ni kuma ina kwance a ɗaki ina kallon rufi. Kuma abin mamaki, a irin waɗannan ranakun Lahadin, tsakanin barci da ido biyu, rufin ɗakin kan koma mini ruwa. Sai in ga totuwar tana yawo a kai, in ji ƙamshin ganyen turare, in ji ɗumin falalen a bayana. Wani lokaci har in ɗaga hannu zan fizgi gora, in farka in ga labule ne iska ke kaɗawa.

Wata rana ya kira ni, ya fara da wasa kamar kullum, wai kifaye na tambayar ina Sarkin Fawa, ko tsoron ɗaukar bokiti ne ya ɓoye shi. Sai kuma muryarsa ta sauka, ya tambaye ni tsakani da Allah ko lafiya nake. Ƙofa ce ya buɗe mini a fili, kalma huɗu sun ishe ni in shiga. Ni kuwa na ce masa ya saurari saƙo. Na kira wata mai sayar da kifi da muka saba, na ce ta zaɓo mini tarwaɗa mafi girma, mai rai. Na sa ta a bokiti na ba mai keke napep ya kai Anguwan Rukuba, tare da saƙon baki: a gaya wa Kafinta na samu sabon rami da sababbin abokan fatsa waɗanda suka san hannunsu, ga ƙaramar cikin abin da muka kama, shi ya ci gaba da fama da talibambam ɗinsa. Na kwanta ina dariya ni kaɗai, ina jiran irin baƙar maganar da zai maido mini. Ba ta zo ba. Madam ɗinsa ce kawai ta kira mai ɗakina ta ce sun ga kifi, an gode.

Na manta a wane gari nake wannan wasan. A Jos abota irin tamu ba da faɗa ta cika mutuwa ba. Ɗaya ne zai fara cewa aiki ya yi yawa, sannan hanya ta yi nisa, sannan ka ji ya samu wasu mutane a ɓangarensu, shi ke nan, in an haɗu a kasuwa a gaisa kamar an san juna a mota. Kafinta ya ga haka ta faru da mutane da yawa, ni ma na gani. Amma ni a lokacin ban ga komai ba sai cewa na tsira da girmana. Ya daina kira, ni kuma wallahi har sauƙi na ji, tunda na huta da ƙirƙirar gawa. Sallah ta zo na aika musu nama kamar yadda aka saba, godiya ta dawo, amma bai zo ya zauna a ƙofar gidana yana kushe suyar ba kamar kowace shekara.

Mai ɗakina ce ta kawo mini labarin, wata safiya ina kwance. Ta ce sun yi waya da madam, suna haɗa kaya. 'Ya'yansu sun daɗe suna matsa musu su koma can gabas inda suka gina musu gida, Kafinta yana ƙi, kullum amsarsa ita ce wa zai bar wa Lahadinsa. Yanzu da bakinsa ya ce a sayar da gidan Anguwan Rukuba. Ta tsaya a kaina ta kira ni Malam, irin kiran da in na ji shi na san babu wasa, ta ce girman kaina ya kori mutum daga garin da aka haife shi, in kuma ban tashi ba ita za ta je ta tona mini asiri.

Ranar ce na fara bin maganar likita. Juma'a na je masallaci na dawo na kwanta, Asabar ko ƙofar gida ban leƙa ba, ina tara ɗan abin da nake da shi. Lahadi keke ya sauke ni a kan tudun tun kafin lokacinmu. Na gangara ina tafe ina zama, ina kama itatuwan turare ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisawa da dangi. Da na isa falalen sai na gan su. Duwatsu ne tuli guda, kamar tulin dankali a kasuwa, na ƙasa har sun fara yin gansakuka. Ban ƙirga ba, ban ma iya ba. Duk ranar da nake kashe wata gwaggo ko aurar da wata 'ya, yana nan. Har bayan tarwaɗar bai fasa zuwa ba, don na sama ƙasarsu ba ta ma bushe ba.

Na kwanta a gefensu, dutsen na ɗumama mini baya, gajimare na wucewa sama da ƙasa. Ban san ko barci na yi ba. Na dai ji kamar falalen ya saki ƙasa yana yawo da ni a kan ruwa, ina jin kukan wani tsuntsu daga nesa, sai kuma na ji ƙarar hannun bokiti. Na buɗe ido na gan shi tsaye, ya ƙara furfura, a hannunsa bokitai biyu, a kafaɗarsa gora biyu, tasa da tawa da nake bari a gidansa. Ashe kullum da ita yake zuwa. Na buɗe baki zan fara zuba, ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna ruwa. Doka tana nan.

Ban taɓa shan wahalar shiru irin na ranar ba. Ya miƙo mini gorata da gwangwanin tana. Na ɗauki tana zan soka a ƙugiya, hannun da ke feɗe sa kafin wani ya gama wasa wuƙa ya kasa riƙe ta, tanar ta suɓuce, na sake ɗauka ta sake suɓucewa. Yana kallo. Ya dubi hannun, ya dubi wuyana da ya fita daga riga, ya karɓa ya soka mini ya jefa. Kifi kuwa kamar an haɗa baki da su suka ƙi ci. Rana ta karkata, inuwar turare ta miƙo kan ruwa, muna zaune. La'asar ta yi na miƙa masa gorata, na yi alwala, na yi sallata a zaune, abin da bai taɓa gani ba tunda muke. Da na sallame na waiga, yana kallon ruwa, fuskarsa a jiƙe, bai kuma share ba. Duk jawabin da na shirya a keke, kafin kifi ya ci ya riga ya zama ba shi da amfani.

Can totuwata ta nutse. Wata 'yar karfasa ce da ba ta kai tafin hannu ba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne tarwaɗar nan ta kiwo ce, tun ba a fito da ita daga bokiti ba ya gane, da ganin tumbinta da jin warin abincin da ake ba su. Ya ce shi bai taɓa yarda akwai wani sabon rami ba, ya san babu wasu abokan fatsa da za su iya jure bakina. Abin da ya fahimta shi ne, mutumin da zai wahalar da kansa haka don ya yi maka ƙarya, so yake ka ƙyale shi, shi kuma ba ya zama inda ba a son ganinsa. Na kwashe komai na gaya masa, zazzaɓin, yashin ƙafa, bencin oga, dangin da na kashe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ni tsohon banza ne, wawan Sarkin Fawa, da na faɗa masa da ko da bokiti ne sai ya kwaso mini ramin ya kawo ƙofar gida. Na tambaye shi ko maganar gidan za ta warwaru. Yana naɗe zare ya ce an riga an sa hannu, waɗanda suka sayi gidan na jiran makulli, madam ma ta tura rabin kaya.

Shi ya ɗauko bokitai biyun, ya ce ai kifin a gorata ya ci, an kayar da shi. Muka hau tudun ina riƙe da kafaɗarsa, muna tafe muna zama. A wani zaman ya ce yanzu dai magana ta fito, tun ranar teburi ya gaya mini kaina a karkace yake.

Kafin ya tafi ya ƙera mini kujera, gajeriya mai jingina da ake naɗewa, da ɗan rami a hannunta inda gora ke zama. Shi ya koya mini in ɗaura zaren a babban yatsan ƙafa, in kishingiɗa in yi barcina, kifi ya tashe ni da kansa. Haka muka yi sauran Lahadin da suka rage mana, waɗanda jikina ya yarda. Farkon sanyi na raka su tasha.

Gajiyar ba ta bar ni ba har yau, wani mako ta sassauta, wani mako ta danne. Amma yanzu ina kasa ƙarfina kamar yadda nake kasa nama, kason masallaci daban, na iyali daban, na rami daban, ranar da babu kuma in ce babu. Mutanen Abatuwa na gaya musu gaskiya da bakina. Amarya suke kirana yanzu, har da masu tambayar yaushe ne suna, amma su ke jawo mini benci zuwa inuwa, su ke kuma biyowa gida in sun kwana biyu ba su gan ni ba.

Abin da nake so in ja kunnen masu karatu a kai, musamman maza irina masu baki da kafaɗa: in irin wannan gajiya ta kama ka, ba lalaci ba ne, ka nemi likita, ka kuma ji abin da ya ce tun kafin jikinka ya tilasta maka. Sannan kada ka ɓoye wa wanda ke jiranka. Kai kana ganin ciwonka kake rufewa, shi kuwa abin da yake gani shi ne ka rufe masa ƙofa, kuma ba zai tsaya yana bugawa har abada ba. Ciwon bai raba ni da abokina ba, bai ma nemi ya raba mu ba. Ni na aika tarwaɗa inda ya kamata in aika kalma huɗu, cewa ba ni da lafiya.

Yanzu in na samu Lahadi mai kyau, keke kan sauke ni, ƙanena ya gangarar mini da kujera. In ɗora dutse a kan tulin da na fara tun tafiyarsa, don na ƙi watsa shi sai ranar da ya zo mu watsa tare. Sannan in ɗaura zare a yatsa, in kira shi in ajiye wayar a kan falalen. Shi yana can zaune a barandar gidansa, ni ina nan, babu mai cewa uffan sai kifi ya ci. Mai ɗakina ta ce a duk Jos mu kaɗai ne ke sayen kati don mu yi shiru. Ranar da kifi ya ƙi ci, haka za mu zauna har katin ya ƙare, in kwance zarena, in naɗe kujerata, in kama hanyar tudu a hankali, raina fes, don yau ma mun yi hira.